Rahoton da Na Janye kan Filayen Malamai a Warra

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin tsara gari, ranar da ta ƙi fita daga raina ba ma ranar aiki ba ce. Wata Asabar ce da na shiga kwalekwale zan je ta'aziyya. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in kwashe kayana daga ofishin nan, wannan zan ba ku, ko da yake ba labarin da na yi bajinta a cikinsa ba ne.

Lokacin ina ƙaramin ofishinmu na shiyya a Yelwa, ina mataki na tara. Ga sababbin cikinku, mai mataki na tara shi ne ke fita duba fili ya rubuta rahoto, amma ba shi ke amincewa ba. Idan mutum ko ƙungiya na son yanka babban fili zuwa fulotan gidaje, sai su ɗauki safiyo ya auna, ya zana taswira mai nuna layuka da tituna da magudanan ruwa. Taswirar ta zo mana, a buɗe fayil, a tura ɗayanmu ya je ya ga wurin. Rahotonsa ya hau teburin shugaban ofis. Daga nan kwamitin duba tsari ya zauna, da wakilin ƙaramar hukuma, da na ayyuka, da na lafiya, da na gona, da wakilin hakimi. In sun yarda, fayil ya wuce hedikwata a buga masa hatimi. Ku lura da abu ɗaya: cikin duk waɗannan mutane, yawanci mutum ɗaya ne ya taka filin da ƙafarsa. Sauran takardarsa suke karantawa.

Fayil ɗin da nake magana a kai na wata ƙungiya ce ta malaman firamare da ma'aikatan asibiti, masu aiki da masu ritaya, daga Yauri da Ngaski da Shanga. Sun daɗe suna haɗa hannu har suka sayi fili a bayan Warra, wajen da ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Safiyo ya yanka musu fuloti sittin, layi shida, goma-goma. Layi na ɗaya yana kan tudu kusa da hanya, na shida shi ne na can ƙasa. Shugabar ƙungiyar ita ce Malama Rahila, tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya. Ita ta koyar da ni a aji huɗu. Ranar da ta kawo takardun ta gan ni a bayan tebur, sai ta yi murmushi ta ce wa waɗanda suka rako ta, "To, mun huta. Ɗana ne a wurin."

Na je duba filin a farkon damina, an yi ruwa biyu ko uku. Fayil uku aka ɗora mini a ranar, babur ɗaya, ga hadari ya haɗu a gabas. Safiyon ya tare ni a bakin hanya. Muka zaga layi na ɗaya da na biyu, na duba duwatsun alama, na ga sun yi daidai da taswira. Daga nan na tsaya kan tudu na hangi sauran. Ciyawa ce kore shar, shanu na kiwo a ciki, wasu mata na duƙe can nesa, babban tafkin dam da fadamar ke gangarawa cikinsa kuwa sai ka ƙura ido kafin ka hango ƙyallinsa. Na tambayi safiyon, "Ruwa fa?" Ya nuna mini da hannu ya ce, "Ga shi can, ai da nisa." A takardar rahotonmu akwai layin da ke tambaya ko wurin na fuskantar ambaliya. Na rubuta "A'a", na sa hannu, na hau babur ina tseren hadari.

Fayil ya shiga zagayen da kuka sani, daga ayyuka zuwa lafiya, daga lafiya ya dawo, aka jira wasu fayilolin su taru. Sai da sanyi ya shiga sannan aka sa ranar zaman kwamiti, wata Alhamis, a zauren ƙaramar hukuma a Warra. A cikin watannin nan ƙungiyar ba ta zauna jira ba. Da suka ji rahotona ya yi kyau, sai suka jefa ƙuri'a suka raba fulotan tsakaninsu.

Saura kwana goma sha biyu zaman, aka yi wa maiɗakina rasuwa a wani ƙauye na bakin tafki. Daga Warra ta ruwa ya fi sauƙi, don haka muka shiga kwalekwale. Mai tuƙin ya bi gefe-gefe, yana kurɗawa tsakanin itatuwan da ruwa ya kama. Ina zaune ina kallon hanya, ba na tunanin komai, sai na ga allon ƙarfe tsaye cikin ruwa, ƙafafunsa sun nutse fiye da rabi. An ɗaure wani tarkon kifi da masunta ke kira gura a ƙafarsa ɗaya. Da muka matso na karanta. Sunan ƙungiyar malaman ne, a ƙasa an rubuta "Layi na Shida".

Na ce wa mai tuƙin, "Malam, wannan allo ruwa ne ya ɗauko shi daga wani wuri?"

Ya ce, "A'a, nan anka kafa shi. Wasu 'yan boko ne za su yi gidaje." Ya ɗan yi dariya ya ci gaba da tura gora.

Ban san yadda na yi ta'aziyyar nan ba. Na zauna kan tabarma, ana addu'a ina shafawa, amma abin da ke gabana shi ne kalmar nan guda da na rubuta da birona. Maiɗakina ta lura a hanyar dawowa, ta ce ko cikina ne. Na ce eh, don ban san ta inda zan fara ba.

Washegari Lahadi na koma ni kaɗai, da taswira da igiyar awo. Na sauka daga tudu da ƙafa, abin da ya kamata in yi tun farko. Layi na uku a bushe yake. Na huɗu taɓo ne, takalmina ya maƙale har na cire shi. A nan na tarar da wata tsohuwa tana shanya ƙananan kifi a kan tabarmar kaba. Sunanta Inna Kulu, daga ƙauyen da ke ɗaya gefen kwarin take. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni, ta dubi takardar hannuna.

"Na gane ka," in ji ta. "Kai ne kaz zo da mai ƙarfen awo da damina. Ina duƙe can cikin shinkafa, kuka tsaya kan tudu kuna nune-nune. Ko sallama ba ku yi ba."

Na ce, "Inna, a yi haƙuri. Yau na zo tambaya ne. Wannan ruwa daga ina? Ai an daɗe da ɗauke ruwan sama."

Ta ce, "Ɗan nan, kai ba na bakin ruwa ba ne, ko?"

Gaskiyarta. A Yelwa na girma, amma gidanmu na 'yan kasuwa ne, kifi a kwano na san shi.

Ta ce ruwa biyu gare su. Akwai farin ruwa, na daminarmu, wanda ke zuwa da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tahowa daga ƙasashe masu nisa, ba ya isowa sai sanyi ya shiga, shi ke cika tafkin ya tsaya cak. "Kai kuwa ka zo lokacin da duk biyun ba su nan. Lokacin ne tafki ke ƙarshen ramarsa."

Na tambaye ta ko kowace shekara yake kawowa nan. Ta ce a'a. Wata shekara ya tsaya can ƙasa, wata shekara ya zo inda muke. Tun da aka datse kogi aka taso su daga tsibiri tana yarinya aka zaunar da su a nan, sau biyu ta ga ya haura har wani dutse da ta nuna mini. Na duba taswira. Dutsen na kan iyakar layi na uku da na huɗu. Ta kuma nuna mini itatuwan giyayya da suka jeru a ƙasa, ta ce duk inda na ga giyayya ta yi yawa haka, in san ruwa na kwana a wurin.

Na ce, "To in aka cika wurin da jar ƙasa fa?"

Ta ci gaba da juya kifinta, ba ta ɗago ba. "Ku cika. Ruwa ba ya komawa inda ya fito don kun zuba ƙasa. Wani wuri zai nema, mu ne kuwa a wani wurin."

Na ari kwalekwale na shiga da gora ina gwadawa. A layi na biyar ruwa ya kai gwiwa. A na shida ya kai ƙugu. A tsakiyar na biyar gorar ta daki wani abu mai tauri, na leƙa, sai ga bulo jere a ƙarƙashin ruwa. Wani har ya haƙa harsashi ya fara ɗora gini. Na ɗauki hotuna da waya.

Ranar Litinin da safe na shiga wurin shugaban ofishinmu, Alhaji Mamman. Yana mataki na goma sha huɗu, saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ajiye masa wayar da taswirar. Ya daɗe yana duba hotunan, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam Umaru, wa ya ga wannan bayan kai?"

"Babu kowa a ofis, yallaɓai."

"Ka san sunanka na cikin waɗanda muka tura don ƙarin girma?"

"Na sani."

Ya ce in na janye rahoton, dole hedikwata ta ji, dole a ba ni takardar tuhuma, wato a nemi in yi bayani a rubuce dalilin da ba za a hukunta ni ba. Wannan takarda kuwa in ta shiga fayil ɗin ma'aikaci, ba ta fita. Sai ya kawo wata hanya. Ya ce a bar rahoton yadda yake, a ƙara sharaɗi a ƙasa cewa kafin a yi gini a layuka uku na ƙasa sai an cika su, an yi babbar magudana. "Ba ƙarya muka yi ba. Mun faɗa musu. Sauran ya rage nasu." Ya ce in je in yi tunani zuwa Laraba.

Ba zan ɓoye muku ba, na zauna na rubuta sharaɗin nan. Sakin layi biyu ne, ya yi kyau, duk wanda ya karanta zai ce ofis ya yi aikinsa. Na sa shi a aljihun tebur, kwana biyu ina buɗewa ina rufewa. In waya ta yi ƙara sai in ɗauka wani ne daga ƙungiyar ya je ya gani. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma shekara biyar ina jiran matakin nan.

Abin da ya hana ni miƙa takardar ba jarumta ba ce. Na san mutanen ne, na kuma san ofishinmu. Malamin firamare da ya yi ritaya ba zai iya cike ramin da ya kai ƙugu ba. Zai jira bazara, ya ga wuri ya bushe ƙarau, ya zuba tifa biyu ta ƙasa ya ɗora ɗaki. Mu kuwa da babur ɗaya, ba mu taɓa komawa duba ko an cika wani sharaɗi ba. In ma sun iya cikewa, ruwan ƙauyen su Inna Kulu zai nufa. Ta ko'ina na juya takardar, ni kaɗai take karewa.

Laraba da safe na gaya wa Alhaji Mamman zan janye. Ya ce, "To. Rubuta." Na ce ina neman izini in je in ga Malama Rahila kafin zaman, kada ta ji a bainar jama'a. Ya ce wannan ba ya cikin ƙa'ida, amma in je.

Gidan haya take zaune a Yelwa, ɗaki biyu a ƙarshen wani lungu. Na tarar tana ɓarar gyaɗa a tire. Ta yi murna da ganina, ta sa aka kawo ruwa, ta fara ba ni labarin inda za ta dasa mangwaro. Ƙuri'arta ta faɗa a layi na biyu, kan tudu. Na bari ta gama, sannan na miƙa mata wayar.

Ta duba hoto ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan bulon da ke cikin ruwa ta ce, "Wannan na Yohanna ne." Malam Yohanna malami ne a Shanga, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya ya fita daga gidan makaranta.

Ta ajiye wayar ta ce, "Umaru, ranar da ka je duba filin, awa nawa ka yi?"

"Bai kai awa ba, Malama."

"Ka sauka har ƙasa?"

"Ban sauka ba."

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta riƙe ba ta ɓare ba. Ta ce wata biyu da suka wuce wani ɗan ƙungiya da ke zaune a Warra ya zo ya ce mata ruwa ya fara hawa filin. Ta tara mutane ta ce su kwantar da hankalinsu, hukuma ta duba ta sa hannu. "Na ce musu ba baƙo ne ya duba ba, yaron da na koyar ne. Da bakina na faɗa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi ka tafi, ina da mutum sittin da zan nema kafin Alhamis ta sama." Ba ta rako ni ƙofa ba.

Kwana takwas ɗin da suka rage su ne mafi tsawo a aikina. Labari ya bazu. Wasu suka ce 'yan ƙauyen ne suka saye ni don su riƙe gonakin shinkafa. Wasu suka ce wani babban mutum ne ke son filin. Safiyon ya kira ni ya ce ina so in kashe masa sana'a. Na daina bi ta kasuwa, in zan koma gida sai in zaga.

Ranar Alhamis zauren ya cika. A ƙa'ida shugaban ƙungiya da sakatare kawai ake gayyata, amma fiye da mutum talatin suka zo, wasu na tsaye a taga. Da aka zo kan fayil ɗin, mai jagorantar zaman ya ce jami'in da ya duba fili ya gabatar da rahoto. Na miƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karanta cewa rahotona na farko kuskure ne, ban taka rabin filin ba, ban tambayi mazauna wurin ba, kuma amsar da na bayar kan ambaliya ba daidai ba ce. Na ba da shawarar a cire layi na huɗu da na biyar da na shida daga tsarin gaba ɗaya, a bar su fadama.

Malam Yohanna ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba. Dogo ne, mai furfura, ya riƙe hularsa a hannu. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Wannan mutum ya rubuta babu ruwa, muka yarda. Yau ya rubuta akwai ruwa. Wanne za mu ɗauka? In ya yi kuskure jiya, me ya hana yau ma kuskure ne?"

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wakilin ayyuka ya ce a ganinsa cikewa za ta wadatar. Wakilin gona ya ce a wurin ne makiyaya ke sauke shanu in ruwa ya janye, mata kuma na noman shinkafa, in aka toshe za a haifi rigima. Aka fara magana biyu-biyu. Na tsaya riƙe da takarda, ina ganin za a ƙare a kan sharaɗin cikewar nan da na gudu, ga kuma tuhuma a kaina a banza.

Sai Malama Rahila ta ɗaga hannu, kamar yadda take sa mu yi a aji. Aka yi tsit. Ta ce, "Tambayar Yohanna gaskiya ce. Ido ɗaya muka dogara da shi ya kai mu nan. Filin nan bai fi tafiyar minti goma ba. Ku tashi mu je da ido arba'in."

Ban taɓa ganin kwamiti ya tashi daga zama ya tafi fili ba sai ranar. Aka cika mota biyu, sauran suka hau kabu-kabu. Muka gangara daga tudu a jere. A layi na huɗu kowa ya tsaya, saboda taɓo. Allon na can cikin ruwa, wani masunci na kwance gurarsa. 'Yan ƙauyen suka fito suna kallonmu, Inna Kulu na cikinsu. Wakilin hakimi ya kira su ya yi musu tambayoyi, suka faɗi abin da ta faɗa mini, suka nuna dutsen.

Alhaji Mamman ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya tattare babbar rigarsa ya shiga. Ya yi ta tafiya a hankali har ruwa ya kai masa gwiwa, ya tsaya a kan bulon Malam Yohanna. Da ya fito ya ce wa sakataren kwamiti, "Rubuta cewa ni ma na sa hannu a rahoton farko ban tambayi watan da aka je ba." Malam Yohanna bai shiga ruwan ba. Ya zauna a kan wani kututture ya juya mana baya.

A nan tsaye aka yanke hukunci. An cire layuka uku na ƙasa. An umurci safiyo ya sake yanka na sama, ya rage girman fulotan, ya bar hanyar shanu da ta mata zuwa bakin ruwa. Duk matsin da aka yi, arba'in da biyu aka samu. Sake zanen da sake zagayen fayil suka ci fiye da shekara.

Takardar tuhuma ta zo mini bayan mako uku. Na amsa, aka ba ni gargaɗi a rubuce, ƙarin girma ya tsallake ni sau biyu. Wannan bai dame ni kamar abin da ya faru a ƙungiyar ba. Waɗanda suka sami tudu a ƙuri'ar farko suka ce a bar musu nasu. Malama Rahila ta ce a'a, tare aka sayi filin, tare za a raba asarar, a sake jefa ƙuri'a ga kowa. Aka yi ta rigima, wasu suka fice, amma maganarta ta tsaya. Da aka jefa, Malam Yohanna ya samu. Ita ta ɗauki takarda marar lamba.

Bayan shekara ɗaya ta bar gidan hayar ta koma wurin 'yarta a Kontagora. Na je yi mata sallama ana ɗora kaya a mota. Na ce har yau ban sami kalmar da zan ba ta haƙuri da ita ba. Ta ce, "Umaru, ban ce ka yi laifi a rahoto na biyu ba. Na farkon ne ke mini ciwo, kuma zai daɗe." Ta sa mini albarka, amma ba ta yi murmushi ba. Ban sake ganinta ba.

Akwai saura, kuma shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara uku a jere bayan haka, ruwa bai kai ko layi na biyar ba. Wurin ya bushe, shanu na kiwo. Waɗanda suka rasa fuloti suna wucewa suna gani. Wata rana na haɗu da ɗayansu a kasuwar kifi, ya ce, "Malam Umaru, ina ruwan naka? Ko ya yi ritaya?" Mutane suka yi dariya. Daga nan duk shekara in sanyi ya shiga, sai in sami kaina ina tare masu jirgi ina tambayar inda ruwa ya kai. In suka ce bana da sauƙi, sai in ji raina ya ɓaci. Sai da na yi haka sau da yawa kafin in gane me nake yi. Ambaliya nake roƙo, don a ce na yi gaskiya. Ruwan da zai wanke ni kuwa shi ne zai ci gonakin mutane a wani wuri. Ranar da na gane haka na ji kunyar da ta fi ta zauren Warra. Na nemi gafarar Allah, na daina tambaya.

A shekara ta huɗu ruwan ya zo, ya shafe layukan ukun, ya tsaya ɗan taku kaɗan ƙasa da gidajen farko. Ya kwana wajen wata biyu ya janye. Ba katangar da ta faɗi, ba wanda ya kwashe kaya a ka, ba a kai kowa makaranta ya kwana ba. Ba wanda ya zo ofis ya ce mini komai. Ni ma a bakin wani direba na ji.

Abin da na koya ke nan, shi zan bar muku. Fili ba ya nuna halinsa a zuwa ɗaya, kuma wanda ya fi saninsa yawanci ba shi da takarda, ba a kuma gayyatarsa zama. Ku sauka daga tudu, ku yi sallama, ku tambaya. In kun yi kuskure, ku faɗa tun ana kan takarda, kafin a kai kan bulo, kuma ku sani faɗar ba za ta mayar wa kowa abin da ya rasa ba. Sannan kada ku jira godiya. A wannan aiki namu, in ka yi daidai ba abin da ke faruwa. Mutane su kwanta, gari ya waye, su tashi a busasshen ɗaki, ba su ma san da kai ba.